Darasin Lafiyar Jiki: Yadda A Ke Gina Ƙoda, da Yadda Ciwon Daji Ke Kama Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta ya san ƙoda. Ta mutum ma haka ta ke, guda biyu, siffarta kamar ƙwayar wake, girman kowace kamar dunƙulen hannun mai ita. Suna can ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama, ɗaya hagu. Aikinsu tace jini ne. Cikin dare da yini ɗaya su kan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, sa'an nan su mayar da kusan dukansa, su bar lita ɗaya da rabi ko biyu. Wannan ragowa shi ne fitsari. Abin da ke yin tacewar kuwa waɗansu 'yan matatai ne ƙanana ƙwarai, likitoci suna ce da su nefron. A kan sami wajen miliyan ɗaya cikin kowace ƙoda.

A darasin wannan wata za mu duba tambayoyi biyu. Ƙaƙa a ke gina ƙoda a cikin mahaifa? Me ya sa kuma ciwon daji ya kan fito a cikinta? Mutum zai yi tsammani waɗannan zance biyu ne dabam, amma masu bincike sun tarar da bakinsu ɗaya. Abin da ya gina ƙoda, shi ne in ya karkace ya kan jawo ciwon. Za ku gamu da baƙin sunaye a ciki. Ku yi haƙuri da su, ba lalle ne a haddace su ba.

LITTAFI ƊAYA, KARATU IRI IRI

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani zare siriri wanda a ke kira DNA. Da za a miƙe na ƙwaya ɗaya, tsawonsa zai kai mita biyu. A bisa zaren nan ne a ka rubuta dukan yadda za a yi mutum, da haruffa iri huɗu kaɗai. Rubutun ya rabu kashi kashi, kowane kashi yana faɗin yadda za a yi abu ɗaya. Turawa suna ce da kowane kashi jin, mu kuwa a nan za mu kira shi umurni. Mutum yana da umurnai wajen 20,000. An ɗaure zaren dami dami, dami 46, sunansu kromosom. Guda 23 sun fito daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka kusan kowane umurni muna da shi sau biyu, na uwa da na uba. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

To, ga abin mamaki. Ƙwayar hanta, da ta fata, da ta ƙoda, littafinsu ɗaya ne, ba wadda ta fi wata ko da shafi guda. Me ya bambanta su ke nan? Karatu ne. Kowace tana buɗe shafofin da su ke nata, tana barin sauran a rufe. Waɗanda su ka fara nuna wannan a fili su ne François Jacob da Jacques Monod, a birnin Paris na Faransa, cikin 1961. Sun ga wata ƙwayar cuta ta hanji ba ta buɗe umurnin narkar da sukarin madara sai in akwai sukarin a kusa. In babu, sai ta rufe, kada ta yi wahalar banza.

A jikin mutum akwai waɗansu furotin da aikinsu ke nan, su zauna a bakin umurni su buɗe shi ko su rufe. Za mu kira su masu mabuɗi. Ban da su, ƙwaya ta kan buga wani ɗan hatimi bisa zaren, sunansa metil. Harafi bai sāke ba, amma shafin da a ka cika shi da hatimi ba ya karantuwa. Har wa yau zaren ba a sake ya ke ba, a naɗe ya ke bisa 'yan mazarai, kamar yadda mai kaɗi ke naɗe zarenta. Inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karatu, sai waɗansu ma'aikata na cikin ƙwaya sun zo sun sassauta shi.

ƘODA UKU

Ɗan tayi ba sau ɗaya ya ke yin ƙoda ba, sau uku ne. Ta fari ta kan fito wajen mako na huɗu, can kusa da wuya, ba ta aikin kome, ta shuɗe. Ta biyu ta kan yi ɗan aiki na 'yan makonni ita ma ta shuɗe, amma ta bar bututunta. A jikin namiji bututun nan ne ke zama hanyar maniyyi. Ta uku ita ce wadda mu ke da ita yau, ginin ta kuwa ya kan fara a mako na biyar.

Ga yadda a ke farawa. Daga gindin bututun nan wani ɗan toho ya kan fito, ya miƙe ya shiga cikin wani curin ƙwayoyi da ke jiransa a gefe. Da shigarsa sai ya rabu biyu, kowane reshe kuma ya sāke rabuwa biyu, haka haka har wajen sau 15, kamar itace. Rassan nan su ne ke zama hanyoyin da ke tattara fitsari, gangar kuwa ta zama bututun da ke kai shi mafitsara. Curin ƙwayoyin kuma shi ke ba da matatai. A bakin kowane reshe waɗansu ƙwayoyi su kan taru, su dunƙule, su lanƙwashe, su zama mataci guda.

Wa ke gaya wa toho ya rabu? Wa ke gaya wa curi ya zama mataci? Wani mai bincike a Amurka, Clifford Grobstein, ya gwada wannan cikin shekarun 1950. Ya ɗauki ƙodar tayin ɓera tun tana farawa, ya raba toho da curi, ya ajiye kowane dabam cikin ruwan da zai rayar da shi. Toho bai yi rassa ba. Curi bai yi matatai ba, ya lalace. Da ya haɗa su sai aiki ya tashi. Ashe magana su ke yi da juna, kowane yana jiran saƙon ɗan'uwansa kafin ya buɗe shafi na gaba.

Sai bayan shekara arba'in a ka san saƙonnin da sunayensu. Curi ya kan aika da wani furotin, GDNF, toho kuwa yana da kunnen da ke jinsa, sunansa RET. Cikin 1994 a ka yi ɓeraye marasa RET, cikin 1996 kuma marasa GDNF. Da yawansu an haife su ba ƙoda, ko da 'yar guntuwa marar amfani. Toho shi ma yana mayar da amsa da wani saƙo, WNT9B, wanda ke ce wa ƙwayoyin curi, lokaci ya yi, ku zama mataci. Amma curi ba ya iya aikawa ko amsawa sai masu mabuɗinsa suna nan. Babba a cikinsu shi ne WT1. Cikin 1993 a ka cire WT1 daga ɓeraye, toho bai ko fito ba, curin kuwa ya mutu. Waɗansu biyu, PAX2 da PAX8, su ne tun da fari ke sa ƙwaya ta san ita ta ƙoda ce. In an cire su duka biyu, ko ƙoda ta fari ba ta tasowa.

IRI DA ABINCI

Akwai wata matsala a ginin nan wadda kowane manomi zai gane ta nan da nan. In mutum ya ci hatsinsa duka, ba shi da iri. In kuwa ya ajiye duka don iri, gidansa zai kwana da yunwa. Haka curin nan ya ke. In ƙwayoyinsa duka su ka zama matatai a mako na shida, ƙoda za ta tsaya 'yar ƙarama. Dole waɗansu su tsaya ɗanyu, suna ta haihuwa, domin a sami na gobe. Mai mabuɗin da ke tsaron rumbun nan sunansa SIX2. Muddin yana buɗe cikin ƙwaya, ita iri ce. Ran da za ta zama mataci sai ta rufe shi. Cikin 2006 a ka nuna ɓeran da ba shi da SIX2 ya kan cinye irinsa gaba ɗaya tun da wuri, ƙodarsa ba ta girma.

Amma rumbun nan ba na har abada ba ne. Wajen mako na 36 na ciki, sauran irin duka ya kan zama matatai, a rufe SIX2, aiki ya ƙare. Daga ran nan mutum ba ya ƙara mataci ko guda har iyakar ransa. Waɗanda ya ke da su za su yi girma, in sun ji ciwo kaɗan su warke, amma wanda ya mutu ba ya da magaji. Fiye da rabin matatan kuwa cikin watanni uku na ƙarshen ciki a ke yin su.

Shi ya sa mutane ba su daidaita a wannan arziki ba. Da a ka ƙirga a ƙodojin matattu, an sami mai wajen 200,000 cikin ƙoda ɗaya, an kuma sami mai fiye da miliyan biyu. Bakwaini, da jaririn da a ka haifa ƙarami ainun, su kan zo da kaɗan. Tun 1988 wani likitan ƙoda a Boston, Barry Brenner, ya ce mai matatai kaɗan ya fi saukin kamuwa da hawan jini da ciwon ƙoda in ya girma, bincike na baya kuwa ya goyi bayansa. Maigida wanda ke ganin abincin mai ciki da maganin zazzaɓinta ɓarnar kuɗi ne, sai ya san ƙodar ɗansa ce a ke ginawa a watannin nan.

GININ DA BAI ƘARE BA

Cikin 1899 wani likitan fiɗa na Jamus, Max Wilms, ya rubuta littafi a kan wani ƙari da ke fitowa a ƙodar yara. Har yau da sunansa a ke kiran ciwon. Ya kan kama wajen yaro ɗaya cikin 10,000, yawanci mai shekara uku ko huɗu, da wuya a gan shi bayan shekara goma. An kuma lura ya fi yawa kaɗan a yaran baƙar fata.

In an yanka ƙarin an duba shi a madubi, abin da a ke gani ya kan ba da mamaki. Ga ɗanyun ƙwayoyi cunkus kamar curin tayi. Ga 'yan bututai da su ka fara zama matatai su ka tsaya a hanya. Wani lokaci har da tsoka ko guringuntsi, abin da ba shi da dalilin zama cikin ƙoda. Watau ƙarin nan ƙodar tayi ce wadda ba ta ji an ce a tsaya ba. Iri ne da ya ƙi zama abinci, yana ta haihuwa shekara uku bayan an rufe rumbu. Likitoci su kan tarar da 'yan ragowar curin tayi a ƙodar wajen jariri ɗaya cikin ɗari. Kusan dukansu su kan shuɗe da kansu. Amma a ƙodojin da a ka cire saboda ciwon Wilms, a kan sami irin ragowar nan a wajen ɗaya cikin uku ko fiye.

Hanyar gano dalilin ta biyo ta ido. Cikin 1964 likitoci a Amurka su ka lura yaran da a ka haifa ba su da zoben nan mai launi na cikin ido su kan kamu da ciwon Wilms fiye da kima. Daga baya a ka ga waɗansunsu sun rasa ɗan guntu na kromosom na 11. Umurnin ido da umurnin ƙoda maƙwabta ne a wurin, sun ɓace tare. Cikin 1990 a ka kama umurnin ƙodar, a ka sa masa suna WT1, daga sunan Wilms. Shi ne dai mai mabuɗin nan da mu ka gani a baya. An fara saninsa ta wurin ciwo, sa'an nan a ka gane magini ne.

Yanzu ku tuna kowane umurni biyu ne. Alfred Knudson ya bayyana cikin 1971, a kan ciwon dajin ido na yara, cewa irin umurnan da ke tsare mu daga ciwon daji sai an ɓata duka biyu kafin ciwo ya fito. Wanda a ka haifa da biyu lafiyayyu, da wuya tsautsayi ya faɗa wa duka biyu cikin ƙwaya ɗaya. Wanda kuwa a ka haifa da ɗaya a ɓace, kowace ƙwayar ƙodarsa saura mata bugu ɗaya. Don haka ne irin yaran nan su kan kamu da wuri, wani lokaci a ƙoda duka biyu.

Amma kada a ɗora wa WT1 laifin duka. Bai fi ƙari ɗaya cikin biyar ba da a ke samun sa a ɓace. Abin da ya fi yawa ya fi wannan ban mamaki, gama ba harafi ko ɗaya da ya lalace. Akwai wani umurni, IGF2, wanda ke sa tayi girma. A bisa ƙa'ida na uba kaɗai a ke karantawa, na uwa a rufe ya ke. Cikin 1993 masu bincike a Amurka da Niyu Zilan su ka tarar cewa a ƙarin Wilms da yawa hatimin ya rikice, na uwa ma ya buɗe, ƙwaya tana jin umurnin girma ninki biyu. Fiye da rabin ƙarin Wilms suna da rikici a wannan wuri. A 2015 kuma a ka sami waɗansu da ɓarnar ta ke cikin SIX2 kansa, ko ɗan'uwansa SIX1, masu tsaron rumbu.

ABIN DA UWA ZA TA GANI

Yawanci uwa ce ke fara ganewa, sa'ad da ta ke yi wa yaro wanka. Ta ji wani abu mai tauri, sumul, a gefe ɗaya na cikinsa. Sau da yawa yaron ba ya jin zafi, yana wasansa. Wani ya kan yi zazzaɓi, ko fitsarin jini, ko rama. A ƙasashenmu da an ga cikin yaro ya kumbura sai a ce saifa ce, sau da yawa kuwa ita ce ɗin. Amma saifa a hagu ta ke kullum, ƙarin ƙoda kuwa ko dama ko hagu, hannu kaɗai kuma ba ya iya raba su. Hoton ciki a asibiti ne ke rabawa. Kada a riƙa danna wurin, kada a yi tsaga ko sakiya, domin in ƙarin ya fashe ciwon zai bazu cikin ciki.

Ciwon nan yana cikin masu jin magani ƙwarai. Cikin shekarun 1950 Sidney Farber na Boston ya ga maganin aktinomaisin D yana narkar da shi. Cikin shekarun 1960 a ka ƙara da binkiristin, wanda a ke samu daga wani fure na Madagaska. Har yau su biyun ne ginshiƙin magani, tare da fiɗa don cire ƙodar, wani lokaci da gasa wurin da hasken na'ura. Likitocin Turai su kan ba da magani mako huɗu tukuna don ƙarin ya ragu, na Amurka kuwa yawanci su kan fara da fiɗa. Ta kowace hanya, a ƙasashen nan yara wajen 90 cikin 100 su kan warke.

A Afirka ba a kai nan ba, ba kuwa don ciwon dabam ne ba. Yara su kan zo a makare, da rama, iyaye kuma kuɗi ya kan ƙare musu su koma gida magani bai cika ba. Cikin 2014 waɗansu asibitoci a Malawi, da Kamaru, da Gana, da waɗansu ƙasashe su ka haɗa kai, su ka bi tsarin magani ɗaya, su ka taimaki iyaye da kuɗin magani da na mota. Yaran da su ka gama magani ba alamar ciwo su ka ƙaru daga wajen rabi zuwa wajen biyu cikin uku. Ba sabon magani a ka kawo ba. A ganina wannan ya isa abin tunani ga kowace jama'a da ke da maƙwabci mai jinyar yaro.

CIWON MANYA

Na manya wani labari ne. Ya kan zo yawanci bayan shekara 50 ko 60, maza sun ninka mata kusan sau biyu. Shan taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini suna ƙara haɗarinsa. Cikin 2022 an ƙiyasta mutum wajen 435,000 su ka kamu da ciwon dajin ƙoda a duniya. Wajen uku cikin huɗu na manya iri ɗaya ne, wanda ƙwayoyinsa ke fitowa garau a madubi kamar babu kome ciki, saboda kitsen da ya cika su ya kan wanke sa'ad da a ke shirya su don dubawa. Ƙarin rawaya ne, cike da jijiyoyin jini.

Wannan ma ta ido a ka bi. Eugen von Hippel, likitan ido a Jamus, ya bayyana waɗansu ƙulle-ƙullen jijiyoyin jini a cikin ido cikin 1904. Arvid Lindau na Suwidin ya ga irinsu a ƙwaƙwalwa cikin 1926, ya gane ciwo ɗaya ne. Ciwon na gado ne, wajen mutum ɗaya cikin 36,000, masu shi kuwa da yawa su kan yi ciwon dajin ƙoda. Cikin 1993 a ka kama umurnin a kromosom na 3, a ka kira shi VHL. Sa'an nan a ka duba ƙarin sauran mutane waɗanda ba su gāji kome ba, sai ga shi a wajen 9 cikin 10 VHL ba ya aiki. A mafi yawa harafi ne ya ɓaci. A waɗansu kuwa rubutun lafiya lau ya ke, hatimi ne a ka buga masa ya yi shiru.

Mene ne aikin VHL? Kowace ƙwaya tana bukatar iskar oksijin, tana kuma da hanyar sanin ko ta ƙaranta. Akwai wani mai mabuɗi, HIF, wanda ya ke kamar mai shela na yunwa. Kullum ƙwaya tana yin sa, kullum kuma tana rushe shi cikin 'yan mintoci. In akwai iska, a kan sa wa HIF wata alama, VHL kuwa kamar dogari ne, da ya ga alamar sai ya kama shi ya kai shi inda za a niƙe shi. In iska ta ƙaranta ba a iya sa alamar, HIF ya taru, ya buɗe umurnai ɗaruruwa: a ƙara jini, a tsiro da sababbin jijiyoyi, a ci sukari da yawa. Ta haka ne ƙodar mutumin da ya hau tsauni mai bisa ke sa jininsa ya ƙaru. To, in dogari ya mutu fa? Mai shela zai yi ta shelar yunwa dare da rana, ko da rumbuna cike su ke. Ƙwayar ciwon nan tana zaune cikin jini tsundum, amma tana tsammani iska ta ƙare mata. Mutum uku da su ka warware wannan, William Kaelin da Gregg Semenza na Amurka da Peter Ratcliffe na Ingila, an ba su kyautar Nobel cikin 2019.

Rasa VHL kaɗai bai isa ya kawo ciwo ba. Kusa da shi a hannu ɗaya na kromosom na 3 akwai waɗansu umurnai uku, PBRM1, da SETD2, da BAP1, waɗanda a ka gano hannunsu cikin ciwon tsakanin 2010 da 2012. Dukansu ma'aikatan mazari ne, masu lura da naɗin zare. In hannun kromosom ɗin ya karye ya ɓace, an rasa kwafi ɗaya na dukan huɗun a bugu guda. Wani bincike a Ingila cikin 2018 ya nuna karayar nan ta kan faru tun mutum yana yaro ko saurayi, cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan, sa'an nan a yi shekara 30 zuwa 50 kafin sauran bugun su cika ciwo ya bayyana.

Saura tambaya ɗaya. Wanda ya gāji ɓataccen VHL yana da shi cikin kowace ƙwaya ta jikinsa. Me ya sa ba ya yin ciwon a hanji ko huhu kamar yadda ya ke yi a ƙoda? Wani ɓangare na amsar ya fito daga Kambirij ta Ingila cikin 2022. PAX8, wanda ya gaya wa ƙwaya tun tana tayi cewa ita ta ƙoda ce, ba ya rufewa bayan haihuwa. Shi ne ke riƙe waɗansu shafofi a buɗe, HIF kuwa in ya taru sai ya tarar da ƙofa a buɗe zuwa wani umurni mai sa ƙwaya ta rabu. Da a ka rufe PAX8 cikin ƙwayoyin ciwon a ɗakin gwaji, girmansu ya ja baya. Likitoci ma da PAX8 su ke taimaka wa kansu su gane ƙarin da a ka samu a huhu ko ƙashi daga ƙoda ya taso.

MAGANI

Magungunan ciwon daji na dā, irin waɗanda ke warkar da yara, ba su cika taɓa wannan na manya ba. Sanin labarin VHL ne ya buɗe hanya. Tun da ƙarin ya dogara ga sababbin jijiyoyi, sai a ka yi magungunan da ke toshe saƙon tsiro da jijiya: sorafenib cikin 2005, sunitinib cikin 2006. Cikin 2015 a ka ƙara da nivolumab, wanda ke ta da sojojin jiki su yaƙi ƙarin. Cikin 2021 Amurka ta yarda da belzutifan, wanda ke kama mai shelar kansa, watau irin HIF na biyu, ya hana shi buɗe kome. Masu shansa su kan yi ƙarancin jini, dalilin kuwa a fili ya ke, gama umurnin ƙara jini ma ta hannun HIF ya ke buɗewa. Magungunan nan suna da tsada ƙwarai, yawanci kuma tsawaita rai su ke yi, ba kawar da ciwo ba.

Abin da ke warkarwa har yau shi ne fiɗa tun ƙarin bai bar ƙoda ba. A Amurka, waɗanda a ka gano nasu a wannan mataki, fiye da 90 cikin 100 suna da rai bayan shekara biyar. Waɗanda nasu ya riga ya bazu nesa ba su kai 20 cikin 100 ba. Wahalar ita ce ciwon ba ya yin magana da wuri. Alamarsa ta fari sau da yawa fitsarin jini ne marar zafi, wanda ya kan zo ya tafi. A wuraren da tsargiya ta yi yawa mutane sun saba da fitsarin jini tun suna yara masu wanka a kududdufi, har ba ya ba su tsoro. Amma dattijon da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, kada ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo, sai an gwada fitsarin an kuma ɗauki hoton cikinsa. Haka kuma saurayi mai ɗauke da rabin gadon sikila, wanda a ke ce da shi AS. Yawancin fitsarin jini a irinsu ba na ciwon daji ba ne, amma akwai wani ciwon dajin ƙoda mai saurin gaske, wanda ba safai a ke ganinsa ba, da a ka bayyana cikin 1995, kusan a masu gadon sikila kaɗai ya ke fitowa. Shi ma wani ma'aikacin mazari ne ya ke rasawa, sunansa SMARCB1.

Masu jin tsoron a cire musu ƙoda su kan tambaya ko mutum zai rayu da guda ɗaya. Zai rayu, in ɗayar lafiyayya ce. Ba za ta yi sababbin matatai ba, amma waɗanda ta ke da su za su ƙara girma cikin 'yan watanni, har ta riƙa yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun ke yi. In ƙarin ƙarami ne ma, likitoci yanzu su kan yanke shi kaɗai su bar sauran ƙodar a wurinta.